Zauren da Ya Hana Mai Gida Shiga

Ranar da Adawiyya ta fara shigowa shagon Abdulrauf, a kan titin da ya nufi jami'a a Dutse, yana zaune da kwamfuta a cinya yana juya haruffan sunan wani otal a fuskar kwamfutar, yana yi wa kansa murmushi.

Ta yi sallama har sau biyu kafin ya ɗago. Da ya ɗago kuwa sai ya manta da amsa.

"Nan ne ake yin shafin intanet?" ta tambaya.

"Nan ne. A'a, wato... e, nan ne. Bismillah, ga kujera."

Kujerar da ya nuna mata fanka ce a kai. Ta tsaya tana kallonsa har ya gane ya sauke.

Ta ce mahaifinta, Alhaji Gwadabe, yana da gonar dabino a bayan duwatsu, kuma masu saye daga Kano da Abuja sun dame su da kira. Suna so a yi musu shafi inda mutum zai ga kaya ya yi oda.

Abdulrauf ya gyara zama. Yaro ne mai kirki, ba ya wasa da sallah, ba ya cin amanar kowa. Amma yana da ciwo guda: yana son a ce ya iya. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne hoto mai motsi da ke fara bayyana kafin shafi ya buɗe. Shi yana kiransa zaure, domin a cewarsa gidan da ba shi da zaure kango ne.

"Bari ki ga irin zaurukan da nake ginawa," ya ce, ya juyo mata kwamfutar.

Taurari suka fashe, haske ya riƙa walƙiya, haruffa suka yi ta wulwulawa. Adawiyya ta sunkuyar da kai ta rufe ido.

"Ya yi kyau," ta ce a hankali.

Ya ɗauka kunya ce. Nan take ya ji duk duniya ba macen da ta kai ta tarbiyya. Daga wannan kuskuren soyayyarsa ta fara.

Bai daɗe ba ya gama aikin. Ya zuba duk abin da ya sani a zauren: dutse ya tsage, bishiyar dabino ta ɓullo tana juyawa, 'ya'yanta suna zubowa kamar ruwan sama, sannan sunan Alhaji ya faɗo daga sama da walƙiya. Sai duk wannan ya ƙare mutum zai ga kaya da farashi. Ba hanyar wucewa. Ya ce wanda zai sayi dabinon Dutse ya kamata ya tsaya ya gaisa.

Ya kuma samu dalilin zuwa gidansu da la'asar. Daga gyaran shafi aka koma zance.

"Dabinona," ya rubuta mata wata rana, "yau na ƙara wa bishiyar ganye tara, kowanne da nasa kaɗawar. Kin gani?"

"Injiniyana, Allah ya ƙara basira. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci. Amma kin gani?"

"Duk abin da hannunka ya taɓa mai kyau ne."

Ya karanta amsar ya rungume waya. Bai lura ba ta ce ta gani ba. Namiji in yabo ya shiga kunnensa, sauran gaɓoɓinsa hutu suke tafiya.

Da magana ta yi ƙarfi, ya tura Baffansa neman izini. Baffa ya dawo yana sosa ƙeya.

"Alhaji ya karɓe ni hannu biyu," ya ce. "Amma ya ce ba zai ba da amsa ba sai ya shiga shagon da ka gina masa a intanet. Kai ma ka je da kanka. Kuma ka sani ba kai kaɗai ba ne. Akwai wani Mujahid, ɗan maƙwabcinsu, ma'aikaci a sakatariya. Nasu ma sun je. An ce musu bayan Sallah."

A ranar Adawiyya ta gaya masa abin da ya kamata ya tambaya tuntuni. Idanun Alhaji a buɗe suke, amma ba ya gani. Ciwon ido ya tafi da ganinsa shekarun baya. Yana amfani da waya kamar kowa, sai dai tasa magana take yi: duk inda ya taɓa, wata murya ta karanta masa.

Abdulrauf ya buga cinya.

"Ai wannan mai sauƙi ne! Ki bar min."

Ya koma shago ya sa wa zauren kiɗa. Kalangu a farko, tsawa a lokacin da dutse zai tsage, sai ƙarar zubowar dabino, sannan algaita. Ya sa kiɗan ya fara da kansa, da ƙarfi, da zarar an buɗe shafi. Tunaninsa shi ne, tunda Baba ba ya gani, bari ya ji. Wauta ce, ko da yake da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Ya iske Alhaji a zauren gidansa na gaske, a kan darduma, ga Mujahid a gefe cikin shadda mai guga. Kullum yakan zo ya karanta wa tsohon saƙonni. Abdulrauf ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kai ne maginin?" Alhaji ya tambaya.

"Ni ne, Baba."

"To, bari mu shiga mu gani."

Ya ɗauko wayarsa, ya kara kusa da kunne, yatsansa na shafa fuskarta. Muryar ta fara magana da sauri. Sai kalangu ya ɓarke. Alhaji ya zabura har hularsa ta karkace. Ya yi ta shafa waya yana neman inda zai kashe, muryar na ƙoƙarin magana a ƙarƙashin algaita kamar mai kira daga cikin rijiya. Da kiɗan ya lafa, abin da aka ji ta ce shi ne: "Hoto. Hoto. Maɓalli. Hoto."

"Hoton me?" Alhaji ya tambaya.

"Na bishiya ne, Baba, tana juyawa..."

"Wayar ba ta ce bishiya ba. Maɓallin me?"

Alhaji ya taɓa wani wuri, shafin ya koma farko, kalangu ya sake tashi.

"Baba, kawo in karanta maka," Mujahid ya ce cikin ladabi.

"Zauna, Mujahid." Alhaji ya kife wayar. "Yaro, ka gina min shago da sunana a ƙofa, ka kulle ni a waje, sannan ka ɗauko makaɗa su yi min kiɗa a rana. Wanda bai tuna da ni a aikinsa ba, ta yaya zan san zai tuna da 'yata a gidansa?"

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya zaro wata tsohuwar waya. Fuskarta a fashe, baƙi ƙirin.

"Wannan tawa ce ta da. Tana aiki. Ranar da ka shiga shagona da ita ka yi odar kwali ɗaya, ka dawo mu yi magana. In Sallah ta wuce ba ka dawo ba, ka san amsata."

Abdulrauf ya fito da waya a hannu, kansa ya ɗaure tamau. Ya hau adaidaita ya wuce shagonsa bai sani ba. Me tsohon yake nufi? Kora ce cikin dabara? Ko gwajin haƙuri? Ya juya wayar gaba da baya. Can sai fuskarsa ta washe. Ai gwajin kyauta ne! Ana so a ga ko yana da hannun yi wa suruki hidima.

Ya kai ta wajen mai gyara aka sa mata sabuwar fuska mai sheƙi. Ya shiga shafin da idonsa, ya yi oda, ya koma gidan washegari yana taku ɗaiɗai.

Alhaji ya karɓa ya shafa. Ya sake shafawa. Ba tsaga ko ɗaya.

"Me ka yi mata?"

"Na gyara, Baba. Yanzu ana ganin komai tar."

"Wa ke gani?"

Mujahid ya juya kai yana danne dariya, kafaɗunsa na rawa.

"Na ba ka idona ka ara," Alhaji ya ce, "ka je ka cire ka sa naka. Tashi ka ba ni wuri."

Ya miƙo masa wayar. Abdulrauf ya karɓa.

A ƙofar gida ya tsaya ya rasa gabas. Yana nan tsaye Mujahid ya fito, Adawiyya ta dawo daga aike, suka haɗu a bakin zaure. Mujahid ya nuna mata wani abu a wayarsa. Ta duba. Ido buɗe, har da matsowa, har da murmushi.

Wannan ya fi maganar Alhaji zafi. Shi bai taɓa nuna mata abu ta kalla haka ba. Ya juya ya tafi ba sallama.

"Na ga komai," ya rubuta mata. "Ni in na nuna miki waya sai ki rufe ido. Shi kuwa har da murmushi. Ashe ba kunya ba ce, ni ne ba kya son gani. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Amsa ba ta zo ba sai bayan azahar ta washegari, kuma doguwa ce.

"Abdulrauf. Yau ba zan ce Injiniyana ba, don ka ɓata min rai. Hoton jaririyar yayarsa ya nuna min, kuma hoton a tsaye yake, ba ya motsi. Ni tun ina sakandare, in abu yana juyawa ko walƙiya a gabana sai jiri ya kwashe ni, kaina ya sara, wani lokaci har amai. Likita ya ce in guje wa irin wannan. Ranar da na fara zuwa shagonka, da na koma gida kwanciya na yi har magariba. Ban taɓa ganin bishiyarka ba. Ko sau ɗaya. Ina cewa ta yi kyau ne don ina ganin yadda fuskarka take in kana maganarta. Na yi laifi da na ɓoye. Amma kai ma ba ka taɓa tambayata me ya sa ba."

Ya karanta ya sake karantawa. Ganye tara, kowanne da kaɗawarsa. Mutum biyu kawai yake so ya burge a duniya, ɗaya bai iya shiga ba, ɗaya kuma aikin nasa ciwo yake sa mata.

"Ki yafe min," ya rubuta. "Ban san me zan yi ba. Wallahi ban sani ba."

"Wannan ce maganar hankali ta farko da ka yi a makon nan," ta amsa. "Fara daga nan."

Ya sayi baƙin salatif ya naɗe sabuwar fuskar wayar tas, ya bar ta yadda za ta ji taɓi amma ba a ganin komai. Ya sa layinsa a ciki, ya kunna muryar. Ya ce bari ya shiga shagon da shi ya gina.

Bai iya ba. Ya kira Baffansa bisa kuskure har sau biyu. Ya buɗe rediyo. Ya kunna tocila ya kasa kashewa, sai mai shayin da ke gefe ya leƙo ya ce, "Injiniya, rana tsaka kake haska mana?" Da ƙyar ya kai ga shafin, kalangunsa ya tarbe shi. A karon farko ya ji shi yadda Alhaji ya ji. Ya yi jifa da hularsa.

"Wane mahaukaci ne ya sa wannan?" ya ce da ƙarfi, shi kaɗai a shago.

Da farko ya yanke shawarar rushe zauren gaba ɗaya. Ya gaya wa Adawiyya a waya.

"A'a," ta ce. "Ban ce ka sare bishiyar ba. So nake in gan ta."

"To ya zan yi? In ta motsa ki yi jiri, in ta tsaya ba zaure ba ne."

"Ni ce injiniyar?"

Haka ya koma karatu kamar ɗan koyo, kuma ya gano cewa masu sana'ar sun daɗe da sanin duk wannan, shi ne bai taɓa damuwa ya duba ba. Ya cire kiɗan da ke tashi da kansa, ya mayar da shi sai wanda ya nema. Ya sa maɓalli a farkon komai, da sunansa a rubuce: Tsallake ka shiga shago. Ya sa wani na dakatarwa. Ya kashe walƙiyar, ya rage tsawon abin. Ya gano cewa a cikin waya akwai wurin da mutum zai ce a rage masa motsi, ya koya wa shafin ya girmama wannan: mai irin wannan waya hoto tsayayye zai gani. Kowane maɓalli ya ba shi suna, kowane hoto ya rubuta masa bayani.

Bayanin zauren ne ya fi ba shi wuya. Ya rubuta "bishiya da dutse", ya ji muryar ta karanta, ya ga ba komai a ciki. Sai ya tuna bai taɓa zuwa gonar ba. Bishiyar da ya zana ma daga intanet ya kwaikwayo ta. Ya roƙi Adawiyya ta yi masa kwatance, ya hau babur ya je ya zauna a gindin dabinon har inuwa ta juya. Ya dawo ya sake zanen, ya sake rubutun.

Ana saura kaɗan Sallah ya koma gidan, da waya naɗe da salatif. Mujahid na nan. Adawiyya kuma an ce ta kawo ruwa, ta kawo, ta ƙi komawa, ta tsaya a bakin ƙofar ciki.

Alhaji ya shafa salatif ɗin, ya mayar masa.

"Shiga in ji."

Abdulrauf ya kara wayar a kunne. Muryar ta ce, "Tsallake ka shiga shago. Maɓalli." Ya taɓa. Ya bi kaya ɗaya ɗaya, ya ɓata sau ɗaya ya dawo, ya zaɓi kwali, ya aika. Wayar Adawiyya ta yi ƙara daga bakin ƙofa.

"Oda ta shigo, Baba," ta ce.

"Na ji. Ba kurma ba ne ni." Alhaji ya ɗauko tasa wayar. "Saura ni."

Muryar ta ba shi maɓallin tsallakewa. Yatsansa ya tsaya a kai, sannan ya wuce shi. Sai ta fara karanta bayanin, da irin Hausarta ta baƙo:

"Gonar Alhaji Gwadabe da hantsi. Baƙin dutse a hagu, da tsaga a tsakiyarsa. Doguwar bishiyar dabino ta karkata wajen dutsen kamar za ta jingina. A gindinta akwai tsohuwar randa mai fasasshen baki. Ganye na kaɗawa a hankali."

Alhaji ya sauke wayar daga kunne.

"Randar nan tana nan?" ya tambaya, ba da muryar da ya saba ba.

"Tana nan, Baba."

"Mahaifiyar Adawiyya ce ta kai ta, Allah ya ji ƙanta." Ya share fuska da hannun riga. "Ba a gaya min tana nan ba. Kowa karanta min farashi yake yi."

Mujahid ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, kuma ya gane.

"Adawiyya, ke fa?" Alhaji ya ce.

Abdulrauf ya nuna mata inda za ta rage motsi a wayarta, ba tare da ya kalli fuskarta ba. Ta buɗe shafin. Bishiyar ta fito a tsaye cak, ga dutse, ga randa. Ta kalla, ta kalla, ido buɗe.

"Ya yi kyau," ta ce. Sannan ta ƙara, "Wannan karon na gani."

"To, Baba," Abdulrauf ya ce, kansa ya sake ɗaurewa, "yanzu... na ci ne ko na faɗi? Ko akwai wata wayar?"

Alhaji ya yi dariya har da tari.

"Kai dai ba ka da saurin ganewa. Amma in ka gane kana gyarawa, kuma wannan ya fi min. Ka ce wa Baffanka ya zo da mutanensa."

Mujahid ne ya fara miƙa masa hannu. "Allah ya sa alheri," ya ce. "Amma don Allah kar ka sa kalangu a katin biki."

Bayan Sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa, aka raba goro da dabinon gonar. Baffa ya karɓi aure, liman ya yi addu'a, jama'a suka shafa. Alhaji ya kamo hannun angon ya riƙe.

"Na ba ka ita amana. In ka ga ta rufe ido, ka tambaye ta dalili. Kar ka yanke wa kanka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa gidanku ya zama wanda kowa zai iya shiga."

"Amin, Baba," Abdulrauf ya ce.

Da yamma, 'yan kai amarya na shirin tafiya, saƙonta ya shigo:

"Injiniyana, ka san Baba kullum da safe sai ya buɗe shafin? Maɓallin tsallakewa na nan a gabansa. Bai taɓa danna shi ba."